Ina son zama jakadiya, ta wace ƙofa ake shiga?

Wata ɗaliba ce ta aiko da tambaya daga Jos. Ta ce tana ajin ƙarshe a Jami'ar Jos, tana karanta Tarihi da Hulɗar Ƙasa da Ƙasa, kuma tun tana sakandare burinta ta zama jakadiyar Najeriya. Tana so ta san inda ake neman aikin, ko gaskiya ne sai mai uwa a gindin murhu ke samu, sannan ko mace mai niyyar aure da haihuwa za ta iya riƙe shi.

'Yata, Allah ya yi miki albarka, ya sa ki gama lafiya. Zan amsa miki da abin da na sani bayan shekarun da na yi a wannan aiki, tsakanin Abuja da ƙasashen waje.

Jakadanci ba gurbi ba ne da ake tallatawa a cike fom. Sashe na 171 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba Shugaban Ƙasa ikon naɗa jakadu, naɗin kuma ba ya tabbata sai Majalisar Dattawa ta amince. Waɗanda ake naɗawa kashi biyu ne. Akwai waɗanda ake ɗaukowa daga waje, 'yan siyasa da malaman jami'a da tsofaffin sojoji. Ɗan Masanin Kano, Maitama Sule, ɗan siyasa ne lokacin da Shagari ya tura shi Majalisar Ɗinkin Duniya a 1981. Janar Joseph Garba, mutumin Langtang a jiharku, soja ne, ya riƙe harkokin waje daga 1975 zuwa 1978, ya kuma shugabanci Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a 1989. Farfesa Tijjani Muhammad-Bande, wanda ya hau wannan kujera a 2019, daga jami'a ya fito. Wannan hanya ba a shirya mata, mutum yana cikin sabgarsa take riskarsa. Kashi na biyu su ne ma'aikatan da suka taso a cikin Ma'aikatar Harkokin Waje tun daga ƙasa. Tushensu yana komawa 1957, shekara uku kafin samun 'yanci, da aka zaɓi matasa goma sha biyu aka fara horar da su, cikinsu har da Aminu Sanusi, Ciroman Kano, wanda ya kai matsayin Babban Sakataren ma'aikatar. Wannan ce hanyar da ɗalibi zai iya ɗaura wa ɗamara, ita kuma aikin gwamnati ce tsagwaronta, da fayil da jiran ƙarin girma da duk abin da kika sani.

Kada ki wahalar da kanki da kai takardu Gidan Tafawa Balewa, inda ma'aikatar take a tsakiyar Abuja. Ɗaukar masu digiri aikin Hukumar Ɗaukar Ma'aikatan Gwamnatin Tarayya ne, wadda ofishinta ke Wuse Zone 3. Ita ke fitar da sanarwar gurabe, a cike ta intanet, a zauna jarrabawa a kwamfuta, sannan a kira waɗanda suka tsallake ganawa ta baki. Ba kowace shekara ake buɗewa ba, akan yi shekaru shiru, idan kuma aka buɗe wa'adin makonni ne. Don haka takardunki su zauna a shirye: digiri, shaidar kammala hidimar ƙasa, takardar haihuwa, lambar shaidar zama ɗan ƙasa, da takardar asalin ƙaramar hukuma.

Abu biyu game da waɗannan takardu sun kayar da mutanen da na san sun cancanta. Na farko suna da ranar haihuwa. Yarinya ce a takardar firamare A'ishatu, a ta sakandare Aisha, a digiri Aishat, sunan mahaifi wani wuri Muhammad wani wuri Mohammed, shekarar haihuwa kuma an rage biyu a wata takardar saboda wani dalili da kowa ya manta. A gida ba komai ba ne, amma mai tantancewa da ke da ɗaruruwan fayiloli a gabansa ba zai tsaya yi miki uzuri ba. Ki daidaita su tun kina makaranta, lokacin da gyaran ke da sauƙi. Na biyu takardar asali. Sashe na 14(3) na Kundin Tsarin Mulki ya wajabta raba muƙamai tsakanin sassan ƙasa, Hukumar Raba Daidai kuma na sa ido a kai, don haka gurbin da za ki nema a ƙarƙashin jiha yake. Ke da kike Jos ba sai na faɗa miki nauyin wannan takarda ba, musamman ga Bahaushen da aka haifa a can, aka haifi ubansa a can. Shawarata ki zauna da mahaifinki ku tsayar da jiha guda wadda za ki samu takardarta ta halal, ki riƙe ta har ki yi ritaya. Mai takardun jiha biyu yana tafe da abin da za a iya kama shi da shi ko bayan shekara ashirin.

Batun uwa a gindin murhu kuwa, ba zan yi miki ƙarya ba, akwai shi. Akwai waɗanda ke shiga da ɗan katin wani babba. A 2023 sai da wani kwamitin Majalisar Wakilai ya zauna yana binciken cinikin guraben aiki a hukumomin tarayya, aka ji abubuwa marasa daɗi. Amma a kowane zubi na ga 'ya'yan talakawa da ba su san kowa ba, raba daidai ne da jarrabawa suka shigo da su. Abin da nake ja miki kunne a kai shi ne masu cewa kawo kuɗi a samo miki takardar kama aiki. Da yawa irin waɗannan takardu na bogi ne, asirinsu kan tonu ranar da aka zo shigar da mutum tsarin biyan albashi na IPPIS, ga kuɗi sun tafi ga abin kunya. Sannan kada ki yi lissafin cewa za ki shiga wata ma'aikatar tukuna ki lallaɓa ki sauya. Jami'an harkokin waje rukuninsu daban ne da na jami'an mulki da ake juyawa tsakanin ma'aikatu, tsallakowa ba ta da sauƙi.

Karatunki ya dace, amma ba shi kaɗai ake ɗauka ba. Na yi aiki da masu digirin shari'a, tattalin arziki, kimiyyar siyasa, Faransanci da Larabci. Ki dage ki fita da sakamako mai kyau, shi ke nan a wannan. Abin da zai bambanta ki da dubban masu irin takardarki abu biyu ne, harshe da alƙalami, kuma a kansu zan fi tsayawa.

Ki ɗauki taswira ki duba maƙwabtanmu. Benin, Nijar, Chadi, Kamaru, dukkansu da Faransanci ake aikin ofis a cikinsu. Ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ECOWAS, da hedikwatarta ke Abuja tana aiki da Turanci da Faransanci da harshen Fotugal. Hukumar Tafkin Chadi da aka kafa a 1964 tana N'Djamena. Duk da haka jami'anmu masu iya zama su yi ciniki da Faransanci ba tare da tafinta ba ba su da yawa, kuma duk wanda ya iya, manya ba sa mantawa da shi idan za a yi tafiya. Dalilin a fili yake. A zauren taro akwai masu fassara, kowa na karanta abin da aka rubuto masa daga gida. Maganar gaske a wajen shan shayi ake yin ta, ko a baranda ana jiran mota, can kuwa babu tafinta. Ki nemi cibiyar Alliance Française ko sashen Faransanci na jami'arku ki fara yanzu, ki yi niyyar zana jarrabawar DELF don ki samu shaidar da ake yarda da ita a ko'ina. Akwai kuma Ƙauyen Faransanci na Najeriya a Badagry idan hali ya yi. In kin yi Islamiyya mai ƙarfi, Larabcinki jari ne, sai dai ki sani Larabcin littafin fiƙihu daban, na jarida da wasiƙar ofis daban. Ki riƙa sauraron labarai da Larabci kina karanta jaridunsu har kunnenki ya saba.

Hausarki ma kada ki raina ta. Ki tuna abin da ya faru bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023. ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka, aka yanke wutar lantarki, ana ta maganar tura soja. Tawagar farko da Janar Abdulsalami Abubakar ya jagoranta tare da Sarkin Musulmi ta dawo ba ta ga jagoran juyin mulkin, Janar Tchiani, ba. Waɗanda suka fara zama da shi daga Najeriya su ne Muhammadu Sanusi na Biyu, sai tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau. Harshe ɗaya, addini ɗaya, zumunci tsakanin Katsina da Maraɗi, Sakkwato da Ƙonni, su suka buɗe ƙofar da takardun hukuma suka kasa buɗewa. Hakan bai hana Nijar da Mali da Burkina Faso ficewa daga ECOWAS a Janairun 2025 ba, kuma gyaran wannan ɓaraka aikin zamaninku ne. Ma'aikaciyar da ke jin Hausa da Faransanci, ta kuma san tarihin yankin, za a daɗe ana nemanta. A ganina ƙasar nan ba ta taɓa cin moriyar wannan jari yadda ya kamata ba.

Sai alƙalami. Mutane na hango liyafa da motoci masu tuta, amma mafi yawan ranakun jami'in diflomasiyya a gaban takarda suke ƙarewa. Ga misalin aikin da za a fara ba ki. Jakadan wata ƙasa ya zo ganin daraktanki. Za ki zauna a gefe da littafi, ba ki cewa uffan. Sun yi minti arba'in, rabi gaisuwa ce da yabon daɗaɗɗiyar dangantaka. Bayan an raka baƙo, darakta zai ce yana son rahoton ganawar kafin a tashi. Sabon shiga yakan rubuto shafi huɗu, ya faro daga yadda aka yi musabaha. Wanda ya ƙware yakan kawo shafi ɗaya: abin da baƙon ya zo nema, wato ƙuri'ar Najeriya ga ɗan takararsu a wata hukumar duniya, abin da ya yi tayi a fakaice, abin da darakta ya amsa, da kula da cewa ya ce za a duba ne, bai ce an amince ba, sai matakin da ya rage da wanda zai ɗauke shi. Bambancin "za mu duba" da "mun amince" shi ne aikin gaba ɗaya. In kika rubuta ɗaya a madadin ɗaya, kin ɗora wa ƙasa alkawarin da ba ta yi ba. Haka wasiƙun da ofisoshin jakadanci ke musaya da ma'aikatar ƙasar da suke zaune: ba a cewa "ni", ofis ne ke magana, ana buɗewa da gaisuwar girmamawa a rufe da ita, a buga hatimi, ko da abin da ke tsakiya ƙorafi ne mai zafi.

Wannan ana koyonsa tun daga ɗakin kwanan ɗalibai. Ki ɗauki hukuncin Kotun Duniya kan Bakassi na 10 ga Oktoban 2002, da Yarjejeniyar Greentree ta 2006, da miƙa yankin ga Kamaru a Agustan 2008, ki taƙaita su a shafi ɗaya kamar minista ne zai karanta a mota. Ki ba malaminki ya yi miki jan biro. Mako mai zuwa ki ɗauki wani batun. Ki karanta Yarjejeniyar Vienna ta 1961 kan hulɗar diflomasiyya da ta 1963 kan aikin ƙananan ofisoshin jakadanci, ba su da tsawo. Don ki ga cewa ƙananan sharuɗɗansu ba ado ba ne, ki duba labarin Umaru Dikko, tsohon minista a gwamnatin Shagari. A Yulin 1984 aka sace shi a Landan, aka sa shi a akwati za a hau da shi jirgi a filin Stansted. Sashe na 27 na yarjejeniyar ya hana buɗe jakar diflomasiyya, amma ya ce sai tana ɗauke da alamar da ke nuna ita ce. Akwatin bai cika wannan sharaɗi ba, jami'an kwastan na Ingila suka buɗe, aka same shi a sume. Abin ya kai ga korar jami'ai tsakanin Najeriya da Ingila, dangantaka ta yi tsami na shekaru.

In Allah ya sa kin shiga, mai digirin farko a matakin albashi na 8 yake farawa. Shekara biyun farko na gwaji ne, sai kin ci jarrabawar dokokin aikin gwamnati da na kuɗi a tabbatar da ke. Akwai kuma horo a makarantar jami'an harkokin waje. Daga nan ƙa'ida ita ce aƙalla shekara uku a kowane mataki har na 14, babu mataki na 11 a tsarin, daga na 15 kuma shekara huɗu-huɗu, kowane da jarrabawarsa. Ki yi lissafi, daga 8 zuwa 17, matakin darakta, wajen shekara 26 ke nan, in ba a samu tsaiko ko rashin gurbi ba, kuma ana samu. A ofisoshin waje sunayen muƙaman su ne sakatare na uku, na biyu, na ɗaya, mashawarci, har zuwa minista, wanda ba ministan gwamnati ba ne. Daga manyan matakan ƙarshe ake zaɓo jakadu, nan ma da la'akari da jiha, don haka akwai jami'ai nagari da suka yi ritaya ba su taɓa riƙe ofishi ba. Ritaya kuwa shekara 60 da haihuwa ne ko 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa. Shi ya sa shiga da wuri ya fi tsayawa tara digirori. Digiri na biyu kya yi shi kina ciki.

Shekarun farko a Abuja su ne masu wuya, ba a kuma cika faɗa wa matasa ba. Albashin mataki na 8 ba ya kama ɗaki a Wuse ko Garki. Tun da aka sayar da gidajen gwamnati zamanin Obasanjo aka mayar da haƙƙin gida kuɗi, ƙaramin ma'aikaci a Mararaba yake kwana, ko Nyanya, Kubwa, Lugbe, wani har Suleja. Mai fitowa daga Mararaba da ya yi sallar asuba yake kama hanya, in ba haka ba cunkoson gadar Nyanya ya cinye masa safiya. In kina da 'yan uwa a Abuja, ki fara gyara zumunci tun yanzu. Sauƙi na zuwa ne idan aka tura mutum waje, saboda alawus da kuɗin ƙasashen waje ake biya, ana kuma kama masa gida. Amma sai an yi shekaru a hedikwata kafin layi ya zo, zaman na 'yan shekaru ne a dawo, kuma jaridu sun sha kawo rahoton ofisoshinmu da kuɗin gudanarwa ke makale musu wata da watanni. Najeriya na da ofisoshi sama da 100 a duniya, kowa kuma Landan da Washington yake hange. Ni da za ki ji tawa, ki roƙi Allah ya fara kai ki ƙaramin ofishi a Afirka. Inda jami'ai ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, ke ce mai rahoton siyasa, ke ce mai tarbar baƙi a filin jirgi, ke ce mai zuwa kurkuku duba 'yan Najeriya. A Satumban 2023 da aka kira kusan dukkan jakadu gida, ofisoshi sun daɗe a hannun masu riƙon ƙwarya, ma'aikatan da suka taso a ciki ne suka riƙe su.

Zuwa kurkukun nan da na ambata shi ne ɓangaren aikin da ya fi taɓa talaka. A Jidda za ki ga wanda ya zo Umra ya ƙi komawa aka kama shi, da matar da aka kawo aikatau aka ƙwace mata fasfo, da gawar da ake neman danginta. A Afrilun 2023 da yaƙi ya ɓarke a Khartoum, ɗalibanmu, mafi yawansu 'yan Arewa, a motoci aka kwaso su zuwa iyakar Masar, suka yi kwanaki a can kafin a bar su su wuce Aswan su hau jirgi. Wasu ne suka kwana suna buga waya da rubuta wasiƙu kafin iyakar ta buɗe. Ki kuma sani ba duk wanda ke ofishin jakadanci ne ma'aikacin harkokin waje ba. Fasfo aikin jami'an Hukumar Shige da Fice ne da ake turawa can, akwai kuma wakilan soja. Amma idan fasfo ya yi jinkiri, ke da ke gaban tebur za a zaga, ki kuma haɗiye.

Haɗiyewa na cikin aikin. Za ki yi rantsuwar riƙe sirri, za ki kare matsayin gwamnatin da wataƙila ba ki zaɓa ba, kuma ra'ayinki a takardar cikin gida za ki faɗe shi, ba a Facebook ba. Abin da kike wallafawa yau ma ki fara tace shi, don ana bincike kafin a ɗauki mutum.

Game da aure, mata sun yi wannan aiki sun kai ƙololuwa. Farfesa Joy Ogwu ta yi ministar harkokin waje, ta kuma wakilci Najeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya daga 2008. Amina Mohammed tana Mataimakiyar Babban Sakataren majalisar tun 2017, ko da yake ita ta fannin raya ƙasa ta bi. Wahalar da ke akwai ta zahiri ce. Idan aka tura ki wata ƙasa, ko maigida ya ajiye sana'arsa ya bi ki, a wurare da yawa kuma ba shi da izinin yin aiki, ko ku rabu da zama na shekaru. Yara za su sauya makaranta da harshe, sai kin dage kafin su riƙe Hausa da karatun allo. Na ga gidajen da suka ɗauki wannan lafiya lau, na ga waɗanda ya girgiza. Waɗanda suka tsira galibi sun yi maganar ne tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, iyaye na ji. Duk mai neman aurenki ki gaya masa ƙarara cewa wata rana takarda za ta fito da sunanki zuwa Bamako ko Jakarta, ki ji amsarsa.

Kafin hukumar ta buɗe gurabe kada ki zauna jira. Lokacin hidimar ƙasa, in an kawo ki Abuja, ki nemi a tura ki ma'aikatar ko wata hukuma da ke ƙarƙashinta. Ba ya zama alkawarin aiki, amma za ki ga yadda fayil ke tafiya, za a kuma san fuskarki da rubutunki. Ofisoshin jakadancin ƙasashen waje da ke Abuja suna ɗaukar 'yan ƙasa, masu jin Hausa kuma suna da kasuwa a sashen siyasa da na yaɗa labarai. ECOWAS da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suna tallata gurabensu a shafukansu. Shirin tura ƙwararru na TAC, da aka kafa a 1987, yana kai 'yan Najeriya aikin shekara biyu a ƙasashen Afirka da Karibiyan da Pasifik, amma masu ƙwarewar aiki yake ɗauka, kamar malamai da likitoci, don haka na gaba ne. A kusa da ke kuma ga Cibiyar Nazarin Manufofi da Dabarun Mulki da ke Kuru, wadda aka kafa a 1979, wadda Garba da Bande duk sun shugabanta. Kwas ɗinta na manyan ma'aikata ne, amma ki nemi malaminki ya rubuta miki takardar gabatarwa ko za su bar ki ki yi amfani da ɗakin karatunsu wajen aikin bincikenki na ƙarshe, ki kuma zaɓi batun da ya shafi Nijar ko Tafkin Chadi.